Difloma a Poli ko digirin NOUN: amsa ga mai son karatun akanta bayan dogon hutu

'Yar'uwa, kin ce shekarunki sun haura 30, kina da yara, kina riƙe da littafin ciniki a wani shago a nan Sakkwato, kuma kina tambaya wanne ya fi miki: difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wato Poli, ko digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato NOUN.

Duk inda za ki, sai da kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, har da Turanci da Lissafi. In akwai wanda ya maƙale, ki fara gyara shi tukuna.

Poli karatun aji ne. Ana shiga ta JAMB, a yi shekara 2 a karɓi ƙaramar difloma, wato ND, a yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan wasu 2 na babbar difloma, wato HND. Ribarta ita ce malami a gabanki. Aikin akanta da hannu ake koyonsa: ki shigar da ciniki ɓangare biyu, ki haɗa jimla ta ƙi daidaita, ki bi layi-layi har ki gano inda kuɗin ya ɓuya. Wanda ya daɗe rabonsa da aji yana buƙatar mai duba masa takarda ya ce "ga inda kika kauce". Tsadarta kuwa lokaci ne, domin lacca ba ta san ranar da shago ya cika ba, ba ta san yaro ya kwana da zazzaɓi ba.

NOUN ba ta neman jarrabawar JAMB, tana da cibiya a Sakkwato, kuma digirin shekara 4 ne in ba a samu tsaiko ba. Ke da littattafanki da wayarki ne, aikin gida ta intanet, jarrabawa a cibiya. Aikinki na nan, gidanki na nan. Sai dai babu mai tambayarki ko kin yi karatu jiya, kuma a nan ne mutane da yawa ke sarewa, musamman in an zo kwasa-kwasan haraji da binciken kuɗi.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo ma tana da sashen akanta, amma zirga-zirgar Dundaye, inda mazaunin jami'ar yake, kullum ga mai shago da goyo ba ƙaramin abu ba ne.

Ni dai da za ki ji tawa, in maigidan shagon zai sassauta miki na shekara 2, ki yi ND a Poli don tushe ya kafu, sannan ki shiga NOUN daga aji 2. Kin samu malami a lokacin da kika fi buƙatarsa, kin kuma ƙare da digiri, wanda har yanzu ake fifita shi a kan HND wajen ƙarin girma a aikin gwamnati. In kuwa shagon ne ke ciyar da gida kuma ba hali, ki tafi NOUN kai tsaye, amma ki nemi mutum 2 ko 3 da za ku riƙa zama kuna warware tambayoyin baya duk mako.

Maganar bautar ƙasa kada ta dame ki, wanda ya kammala karatu shekarunsa sun haura 30 ba ya zuwa. Kuma kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar kwas ɗin na da amincewar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, in Poli ce, ko NUC, hukumar kula da jami'o'i, in jami'a ce, domin ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ICAN da ANAN, za su duba wannan ranar da kika nemi zama ƙwararriyar akanta.