Trello a ƙaramar maɗaba'a: abin da ta gyara da abin da ba ta iya ba

Trello manhaja ce ta tsara aikin haɗin gwiwa wadda kamfanin Fog Creek Software na birnin New York ya fitar a shekarar 2011, kafin kamfanin Atlassian na ƙasar Ostireliya ya saye ta a 2017 a kan dala miliyan 425. Da ita muke bin ayyuka a ƙaramar maɗaba'ar da nake kula da ita, inda ake buga littattafan makaranta da kalanda da katin gayyatar biki, kuma a ganina babban amfaninta shi ne tana fito da aikin kowa fili, ta yadda za a daina ɗora wa ma'aikaci laifin jinkirin da ba shi ya jawo ba.

Tsarinta ba shi da wuyar fahimta. Ana buɗe allo, a raba shi zuwa layuka daga hagu zuwa dama, sannan kowane aiki ya samu katinsa, wanda ake ja daga wani layi zuwa na gaba gwargwadon inda aikin ya kai. A cikin katin ana iya sa sunan wanda aka ɗora wa alhaki, da ranar da wa'adi zai cika, da jerin ƙananan abubuwan da za a yi, da hoto ko takarda, da bayanin duk wanda ya taɓa aikin. Idan wa'adi ya matso alamar ranar takan koma rawaya, idan ya wuce ta koma ja. Asalin wannan dabara daga masana'antar motoci ta Toyota ne a Japan, inda Taiichi Ohno ya kafa tsarin kanban bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin kada wani sashe ya ƙera kaya sai sashen da ke gabansa ya aiko da katin da ke nuna yana bukata.

Mu layuka biyar muka yi: sabon aiki, ana zane, jiran amincewar mai kaya, ana bugawa, sai kuma an kammala. Kafin haka komai a zauren WhatsApp yake gudana, inda odar kalandar wata makaranta takan nutse a tsakanin gaisuwar Juma'a da saƙon murya na minti huɗu, kuma duk lokacin da aiki ya makara, mai zane ne ake fara nema. Da allon ya fara aiki sai muka ga katuna suna wuce layin zane da wuri, amma suna cunkushewa a layi na uku. Ashe masu kaya ne suke karɓar samfuri su riƙe shi kwana da kwanaki ba su ce a buga ba, sannan ana gobe biki su iso suna faɗa. Gyaran da muka yi shi ne rubuta ranar da aka aika samfuri a kan kowane kati, da kuma ware mutum ɗaya da zai riƙa kiran masu kaya kowace safiya. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne yadda yaron da ke zanen ya saki jiki, domin ya daɗe yana shan faɗa a kan abin da ba ya hannunsa, kuma yanzu ba sai ya kare kansa da baki ba, allon yana nuna ranar da ya gama nasa. Mutumin da ya san ana ganin ƙoƙarinsa ba ya bukatar a yi ta zaburar da shi da dogon jawabi.

Sai dai wannan fili da manhajar take bayarwa yana iya juyewa ya zama cuta idan shugaba bai yi hattara ba. Tana ajiye tarihin duk wanda ya motsa kati da lokacin da ya yi hakan, kuma idan maigida ya mai da wannan sandar duka, ma'aikata za su koyi jan kati zuwa layin an kammala alhali da sauran aiki, allon ya daina faɗin gaskiya. Shi ya sa nake ganin ya fi dacewa a tsaya a gaban allon tare na ɗan lokaci da safe, a tambayi abin da ya tsayar da kowane kati maimakon a tambayi wanda ya tsayar da shi.

Akwai kuma giɓin da ke cikin manhajar kanta. Ginshiƙin tsarin kanban shi ne taƙaita yawan aikin da ake riƙe da shi a lokaci guda, amma Trello ba ta hana mutum tara katuna ashirin a layi ɗaya. Akwai wani ƙari da ake haɗawa mai suna List Limits, wanda yake canza launin layin idan an wuce adadin da aka sa, amma gargaɗi kawai yake yi. Haka nan ba ta da ƙarfi wajen nuna yadda wani aiki ya dogara da wani, misali cewa ba za a fara ɗinkin littafi ba sai bango ya fito daga inji. Wanda yake riƙe da babban aiki mai rassa da yawa, kamar ginin makaranta da ya haɗa magina da kafintoci da masu wayarin, zai fi samun biyan bukata a manhajojin da aka gina domin jadawali mai sarƙaƙiya.

Tana aiki a waya da kwamfuta, kuma manhajar wayar tana barin mutum ya duba ko ya gyara kati ko da babu intanet, ta daidaita idan sabis ya dawo, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne a inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Ba ta da Hausa a cikin harsunanta, amma sunayen layuka da katuna duk da Hausa muka rubuta su, don haka abin da ma'aikaci zai koya na Turanci bai wuce maɓallai kaɗan ba. Duk da haka, dattijon da ke kan injin bugawa bai karɓe ta ba, kuma ban ga laifinsa ba, tunda hannunsa kullum cikin tawada yake. Mun kafa masa farin allo a bango mai irin layukan, ɗaya daga cikin matasa yana kwafe abin da ke kai zuwa waya da yamma.

Game da kuɗi, tsarin kyauta yana ba da allo har 10 da mutane har 10 a wurin aiki ɗaya, kuma kowace takardar da za a liƙa ba za ta wuce megabayit 10 ba. Wannan iyaka ta ƙarshe ita ce ta fi shafar masu sana'a irin tamu, domin zanen da za a kai inji yakan fi haka nauyi, sai dai a ajiye shi a Google Drive a sa mahaɗinsa a katin. Tsarin biya kuwa da dala ake lissafa shi, kowane mutum da nasa a kowane wata, kuma duk wanda yake samun kuɗinsa da naira ya san yadda hakan yake ƙaruwa idan ma'aikata sun yi yawa. Ga shago ko ofis ko ƙungiyar da ba ta haura mutum goma ba, na kyautar ya wadatar, kuma ina ba da shawarar a fara da allo ɗaya tak, a bar shi ya yi wata guda ana amfani da shi kafin a yi tunanin buɗe na biyu.