Ƙwayar bitamin ko abinci: wanne ɗan tsere zai riƙe idan zai hau tudu?

Ɗan uwa, ka ce za ka yi mako uku kana atisayen gudu a Iten ta ƙasar Kenya, an kuma ba ka shawarar ka cika jaka da bitamin C da E saboda "tsatsar jiki" da tudu ke jawowa. Tambayarka ita ce ko ka sayi ƙwayoyin, ko abinci ya wadatar.

Tsatsar nan gaskiya ce. Ka fasa farin goro ka ajiye, ba da jimawa ba za ka ga fuskarsa ta rine. Aikin oksijin ke nan. Irin haka na faruwa a ƙwayoyin halittar jiki, inda ƙona abinci ke fitar da wasu tartsatsi masu lalata kitse da furotin. Iten tana kan tsayin kusan mita 2,400, inda nauyin iska bai wuce kashi uku cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba. Ga ƙarancin oksijin, ga gudu mai tsanani, ga zafin hasken rana, sai tartsatsin ya ƙaru, garkuwar da ke cikin jini mai kashe tartsatsin kuma ta ragu. Wani bincike da aka yi kan ƙwararrun 'yan wasa a Faransa ya nuna cewa ko bayan mako biyu da kammala irin wannan horo, garkuwar ba ta gama farfaɗowa ba.

To mu fara da ƙwaya, wadda aikinta shi ne kashe tartsatsin. Amfaninta a fili yake: ba ta da nauyi, ka san adadin da ka sha, ba sai ka je kasuwa ba. Matsalar ita ce tartsatsin nan ba ɓarna kawai yake yi ba, shi ne kuma ɗan saƙon da ke gaya wa tsoka ta ƙara gina mitokondiriya, wato murhun da ke samar mata da ƙarfi, ta kuma ƙera nata makaman kariya. Idan ka kashe ɗan saƙo, wa zai kai labari? A 2014 masu bincike a Nowe sun riƙa bai wa wasu masu atisaye miligiram 1,000 na bitamin C da 235 na bitamin E kullum har mako 11. Ƙarfin numfashinsu ya ƙaru kamar na sauran, amma alamomin ginuwar mitokondiriya a tsokarsu sun dusashe. Ka biya kuɗin jirgi don jikinka ya sha wuya ya gyaru, sannan ka sayi abin da zai rage gyaruwar?

Abinci kuwa labarinsa daban. Shi ma masu bincike daga Nowe suka gwada, aka buga a 2018: ƙwararrun 'yan wasa sun yi kwana 21 a tsayin mita 2,320, aka ƙara wa wasunsu 'ya'yan itace da gyaɗar turawa da baƙin cakulan. Hemogulobin ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, ya ƙaru kamar na sauran, ba abin da ya tauye. Lemo ɗaya ko gwaiba ba sa zuba wa jiki miligiram dubu a tashi ɗaya, kaɗan-kaɗan suke bayarwa tare da wasu sinadarai. A Iten ma ba za ka wahala ba, ganyen da suke kira sukuma wiki kusan kullum yana gefen ugali, tuwon masararsu. Aibin abinci ɗaya ne: tudu kan rage sha'awar ci a kwanakin farko, sai ka tilasta wa kanka.

Ni dai abinci na zaɓa maka, sai fa in likita ya auna ya ga akwai abin da ka rasa.

Ƙwayar da ta cancanci ka yi tambaya a kanta ma wata ce daban, ta sinadarin ayon. A tudu ƙoda na ƙara sakin wani sinadari mai suna EPO don a ƙera jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba ayon ba a ƙera su. Ka je a auna maka feritin, wato ma'aunin ayon da jikinka ya adana, makonni kafin tafiya. Idan ka isa, za ka ga 'yan Kenya ba sa rabuwa da shayin madara. Ka sha, amma ka ba shi tazarar kamar awa ɗaya daga lokacin cin abinci, domin yana hana hanji tsotse ayon yadda ya kamata.