Obin ɗin kan tebur mai lita 45 da gashin soseji da kayan lambu a tire ɗaya

Salam 'yan uwa. Masu tambaya ko obin ɗin nan na lantarki da ake ɗorawa kan tebur ya ci kuɗinsa, amsata ita ce eh ya ci, amma fa in kuna samun wuta. In unguwarku irin wadda sai tsakar dare ake kawo nepa ce a ɗauke kafin asuba to ki riƙe kuɗinki ki ƙara gas kawai, don abin nan wat 2000 yake ja, ƙaramin janareto ko kallonsa ba zai yi ba, inbata ma in ba babba bace kina kunnawa za ta fara kuka. Nawa a kasuwar Sabon Gari na saya, sunan kamfanin ba zan kira ba tunda gaskiya kusan duk fasalinsu ɗaya ne, ƙofar gilashi, maɓallan murɗawa a gefe, ƙarfen wuta sama da ƙasa, sai tire ɗaya da raga da wani sandar gashin kaza da har yau tana cikin ledarta.

Ni ba don kek na saya ba. Abinda ya ja ni shi ne abincin daren nan da mutanen Amurka ke yi ranakun aiki, a yanka kayan lambu a zuba a faffaɗan tire ɗaya tare da soseji a yaryaɗa mai a tura obin, shikenan, ba tukunya ba tsayuwa kan wuta ba juye-juye. Duk wadda take dawowa daga aiki bayan la'asar ga yara ga aikin makaranta ga magriba na ƙaratowa ta san darajar abincin da zai dafa kansa. Kuma a wannan aikin kam obin ɗin ya fidda ni kunya.

Sai dai wani abu da ba a gaya wa mutum, duk bidiyon da kike gani su da manyan obin ɗinsu suke yi. Tirensu da suka fi amfani da shi inci 18 ne da 13, wato kusan santimita 46 da 33, wannan ba zai ma shiga nawa ba, tiren da ya zo da shi ya fi haka ƙanƙanta sosai. Saboda haka in kika kwaso yawan kayan da suka faɗa kika jibga a ƙaramin tire ba gashi za ki samu ba, dafuwa za ki samu, kayan lambun su saki ruwa su yi lagwab sosejin ya fito fari fat kamar an tsamo shi daga tukunyar dahuwa. Dole kowane yanka ya samu wurinsa ya taɓa ƙarfen tiren, a bar ɗan fili tsakani yadda tururi zai fita. Tire ɗaya yana isar manya biyu da yara biyu in akwai abin haɗawa, fiye da haka sai dai zubi biyu. Haka ma maganar zafi, su da Fahrenheit suke lissafi, in kin ji sun ce 400 to 200 kenan a namu maɓallin, 425 kuma wajen 220. Kar ki tsaya neman 400 a jikinsa, bai wuce ɗari biyu da 'yan kai ba ya ƙare.

Ga yadda nake yi, kuma a nan ne za ki gane halin obin ɗin. Ina fara kunna shi wuta sama da ƙasa a 200 in bar shi minti 10 ya ɗau zafi, kafin nan na fere dankalin turawa, na Jos ɗin nan nake so masu ƙwari, in yanka shi daidai lomar yaro, karas kuma in yanka shi a karkace da ɗan kauri. In tsane su da tsumma mai tsabta sosai don ruwa shi ne abokin gabar gashi, sai man gyaɗa cokali biyu, gishiri kaɗan, kori, masoro, garin citta, in cakuɗe da hannu a cikin roba in baje a tire. Su kaɗai ke fara shiga, minti 20, saboda sun fi kowa taurin kai. Bayan nan in fiddo in juya su in ƙara albasa da aka yanka manya-manya, tattasai ja da kore, koren wake in akwai, da sosejin a yanke gida uku-uku, a mayar minti 15 zuwa 20. Abinda kike jira shi ne gefen dankalin ya yi ja ya ɗan ƙandare, bakin albasar ya fara baƙi-baƙi tana zaƙi, sosejin ya kumbura fatarsa ta tsage man ya gangaro ya bi ƙarƙashin tattasan. Man nan da ya zuba shi ne rabin daɗin abincin wlh, shi ya sa ba na raba su tire daban.

Yajin tsire kuwa sai an sauke nake barbaɗawa, saboda ƙuli-ƙulin da ke ciki in ya daɗe a zafin 200 ƙonewa yake ya yi ɗaci. Tafarnuwa ma haka, in za ki sa ɗanya ki bari sai zubi na biyu. Dankalin Hausa yana yi sosai, ya ma fi saurin nuna kuma zaƙinsa da yaji suna tafiya, kabeji in aka yanka shi da faɗi shima yana gasuwa da kyau. Tumatir ne ban ba da shawara ba, ruwa zai cika miki tire. Su can suna sa burokoli da wasu ganyayyakin da sai manyan kantuna ake samu da tsada, ni ban ga dalilin wahalar ba alhali lokacin sanyi in kin shiga kasuwar Yankaba ta Kano karas da tattasai da kabeji sai kin zaɓa.

To yanzu aibinsa. Na farko ba ya raba zafi daidai, bayan ya fi gaba zafi nesa ba kusa ba, in baki juya tiren ba a tsakiyar gashi na ciki su ƙone na bakin ƙofa ko ja basu fara ba. Dalili kuwa a bayyane yake, ƙofar gilashi ɗaya ce siririya zafi na tsiyaya ta nan, ga ƙarfen wutar yana kusa da abincin sosai tunda cikin ba tsayi. Matakin tsakiya nake sa tiren kullum, na sama sai in ina son ƙarin ja a minti biyun ƙarshe kuma ina tsaye a wurin. Akwai irinsa mai fanka a ciki da ke kaɗa iskar zafin, ya ɗan fi tsada, na ga aikinsa a gidan yayata kuma gaskiya in kina da halin ƙarin ki ɗauki mai fankar, dankalinta ya fi nawa yin ƙaras-ƙaras kuma ya fi saurin gamawa.

Na biyu tiren da suka haɗo da shi, kai tiren nan abin haushi ne. Shafal yake ba nauyi, yana ɗaukar zafi sai ki ji ƙwal daga ciki ya murɗe, gefe ɗaya ya ɗaga man duk ya gangara kusurwa guda, dankalin can ya soyu na nan ya bushe. Baƙin fentin da ke jikinsa kuma ba ya jure goga da soson ƙarfe. Na auna cikin obin ɗin da tef na je wajen masu kayan kek na samo mai kauri na alminiyom wanda bakinsa ke naɗe, tun daga nan aka zauna lafiya. Ki sa kuɗin wannan tiren a lissafinki tun farko. In kina ƙyashin wanki ki shimfiɗa foyil, amma ni na lura dankali ya fi yin ja in ya taɓa ƙarfen kai tsaye, kuma in aka jiƙa tiren da ruwan ɗumi ana cin abinci kafin a gama ya saki.

Jikinsa na waje yana zafi sosai, saman da gilashin duka, mai yara masu rarrafe ko masu ɗage su taɓa komai ta ɗora shi inda hannu ba ya kai, kar kuma a manna shi da bango ko a ɗora leda ko roba a kai. Lambobin maɓallin ma fenti ne kawai, na zafin har ya fara gogewa wajen 200 ɗin da nake yawan tsayawa. Abinda na yaba shi ne taimar, ta minti 60 ce, in lokaci ya cika sai ta buga ƙararrawa ta kashe wutar da kanta, to ko kin tada sallah hankalinki kwance.

Maganar kuɗin wuta mutane na tsorata fiye da kima. Wat 2000 in ya yi minti 45 yana ci ba tsayawa yunit ɗaya da rabi kenan, kuma ba ya ci ba tsayawa ɗin, in ya kai zafin da aka sa masa yana ɗaukewa ya dawo. Ko 'yan Band A, rukunin da suka fi samun wuta, da aka ƙara wa kuɗi a watan Afrilun 2024 yunit ya haura naira 200, a wancan farashin gashi ɗaya bai fi naira ɗari uku da wani abu ba. Matsalar ba kuɗin bace, ƙarfin wutar ne. An yi shi ne don wuta mai bolt 220 zuwa 240, ranar da aka kawo ta a raunane ta sauko wajen 180 zafin da ƙarfen zai bayar wajen kashi 60 cikin 100 ne kawai, sai ki ga abin minti 40 ya haura awa kuma ba ja, kawai bushewa yake. Irin ranar nan gara ki fara tafasa dankalin minti biyar a gas kafin ki zuba. Kuma don Allah a soket ɗin bango za ki jona shi kai tsaye, 'yan ƙananan wayoyin jone-jonen nan na caja narkewa suke.

In an ɗauke wuta a tsakiya kuma, wanda dole wataran za a yi, kar ki buɗe ƙofar, zafin da ke ciki zai ɗan ci gaba da aiki, in shiru ta yi yawa ki juye a kasko ki ƙarasa a gas. Ba ya lalacewa, ƙaras ɗin ne dai babu.

Bari in ɗan tsaya kan sosejin kansa tunda shi ne naman abincin, kuma ba Gala nake nufi ba kar wata ta je ta yanka ta zuba a tire. Wanda ake sayarwa a daskare a firizar kantuna nake nufi, na sa ko na kaza. Ki karanta bayan ledar da kyau musamman in na waje ne, yawancin waɗanda Turawa ke sawa a wannan girkin irin na Italiya da na Folan da na Jamus naman alade ne, kuma wani ko an rubuta naman sa ne fatar da aka ɗura shi ciki tana iya zama hanjin alade, to ki nemi tambarin halal ki duba abinda aka yi fatar da shi. Mutanenmu na Nijar da ke samun margez, siririn nan ja mai yaji na Arewacin Afirka da ake yi da naman rago ko sa, su kam sun huta, shi ya fi kowanne dacewa da gashin nan. Mafi yawan na kaza da ke kantunanmu dafaffe ne tun daga kamfani, ɗumi da ja kawai yake buƙata shi ya sa yake shiga a zubi na biyu, amma in ɗanye ne ki sa shi tun farko tare da dankalin kar ki yanka, sai kin tsaga kin ga ba sauran ja a tsakiya. Ki kuma lura da ledar, in kin ga ƙanƙara ta taru a ciki ko sosejin sun manne sun canza kala alamar ya narke an sake daskararwa ne, da yanayin wutarmu wannan ba abin mamaki bane, ki ajiye ki duba wani.

Gishiri ne da shi sosai, shi ya sa ba na sa magi a kayan lambun ko kaɗan. Kuma ba abincin kullum bane, tun 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta hukumar lafiya ta duniya WHO ta sa sarrafaffen nama cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, sun ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da kusan kashi 18 cikin 100. Ni dai sau ɗaya a sati ne, kayan lambun su fi yawa, sauran ranakun cinyar kaza nake sawa a madadinsa ko kifi, tsarin duk ɗaya ne sai dai kazar tun farko take shiga.

Maigida da farko cewa ya yi wannan ai abin taɓawa ne ina abincin, don haka nake haɗawa da gurasa ko farar shinkafa ko kuskus, da ɗan yaji a gefe, yanzu shi ke tambaya. Yara kuwa sosejin suke fara tsincewa amma karas ɗin da ba sa ci a miya a nan suna cinyewa saboda ya yi zaƙi.

Masu cewa ba gara eya firaya ba, na'urar nan mai gashi da iska mai zafi, in ku biyu ne a gida eh ta fi sauri, amma kwandonta ƙarami ne kuma kayan kan juna suke hawa, ga iyali tiren obin ya fi. Mai sana'ar kek kuma wannan ba naki bane, rashin daidaiton zafin zai ɓata miki kaya.

In za ki saya ki sa su jona shi a shagon a gabanki, ki murɗa wutar sama ita kaɗai ki ga ƙarfen ya yi ja, ki murɗa ta ƙasa ita ma, ki rufe ƙofar ki duba ko tana zama daram ba rata a gefe, ki murɗa taimar ki ji tana tafiya, sannan ki karɓi rasit kafin a mayar da shi kwali.