50mm na dala 125 da na dala 949: abin da aikin biki ya nuna mini

Duk mai hoton da ya fara ƙosawa da lens (gilashin gaban kyamara) na 18-55mm ɗin da ya zo da kyamararsa, shawara ɗaya zai ji daga na gaba da shi a sana'a: je ka sayi 50mm. Shawarar daidai ce, sai dai 50mm ba ɗaya ba ne. A gidan Canon kaɗai akwai f/1.8, akwai f/1.4, akwai f/1.2, ga kuma na kamfanin Sigma da ake ta yabo, kuma tsakanin mai araha da mai tsadar cikinsu kuɗin ya ninka fiye da sau goma. Ni hoton biki nake yi, daga kamu da sa lalle zuwa ɗaurin aure da dina. Kyamarata Canon 6D ce, sai Canon 700D da nake riƙewa saboda ko-ta-kwana. Uku daga cikin waɗannan lens ɗin sun daɗe a jakata har na san halin kowanne. Akwai Canon f/1.8 STM da ya fito a 2015 a kan kusan dala 125, akwai Canon f/1.4 USM wanda ya fito tun 1993, aka riƙa sayar da sabonsa wajen dala 400, sai Sigma f/1.4 Art na 2014 da aka fara sayarwa dala 949. Da dala nake faɗin farashi don na naira bin ta yake yi kullum.

A fara da haske, tunda shi ne dalilin sayen irin wannan lens tun farko. Lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga, kuma idan lambar ta ƙanƙanta ƙofar ta girma ke nan. 18-55mm idan ka ja shi zuwa 55mm, f/5.6 ne iyakarsa. Daga nan zuwa f/1.8 haske ya ƙaru kusan sau goma. A ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya, labule a sake, ƙawaye sun cika ko'ina, wannan ne ke raba hoto mai tsabta da wanda ya cika da tsakuwa-tsakuwa saboda ka tura ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, sama. Amma daga f/1.8 zuwa f/1.4 ƙarin bai kai ninki biyu ba, kashi biyu cikin uku ne kawai na mataki ɗaya (mataki ɗaya shi ne haske ya ninka sau biyu). Babban tsallen ka riga ka yi shi da dala 125. Duk abin da ka ƙara bayan nan wani abu dabam kake saya, kuma ya kamata ka san ko mene ne kafin ka ciro kuɗi.

Gwajin kaifi da na yi kowa zai iya yin sa a gida. Na manna buɗaɗɗen shafin Aminiya a bango, na kafa 6D a kan ƙafa uku, na yi saiti, wato daidaita lens har rubutu ya fito tar, ta allon baya bayan na ƙara girman rubutun, don kada kuskuren saiti ya shiga lissafi, sannan na bar kyamara ta ɗauka da kanta don kada hannu ya girgiza ta. Kowane lens na bi da shi daga mafi girman buɗewarsa har zuwa f/8, na zauna gaban kwamfuta ina duba tsakiya da kusurwa.

A f/1.4 Sigma ya yi nisa. Ƙananan rubutu na tsakiya sun fito tar, baƙi ya tsaya a baƙi, fari a fari, ko a kusurwa ma ana karanta su ba tare da an ƙanƙance ido ba. Canon f/1.4 a buɗe gaba ɗaya yana da wani hazo-hazo: rubutun yana nan, amma farin takarda ya ɗan malalo kan baƙin harafi, kusurwa kuma ta yi laushi da duhu. Halin ƙirarsa ke nan. Shi da f/1.8 duk a kan tsohon tsari aka gina su, wanda asalinsa ke komawa ga Planar ɗin da Paul Rudolph ya ƙera a kamfanin Zeiss a 1896. Gilasai shida ne ko bakwai, ƙanana, masu sauƙin ƙerawa, waɗanda sai an ɗan tsuke ƙofa suke nuna ainihin ƙarfinsu. Sigma ya bar wannan hanya ya jera gilasai 13 don ya gyara kurakuran da ke fitowa idan ƙofa ta buɗe, shi ya sa ya yi girma ya kuma yi tsada. Ƙaramin STM a f/1.8 tsakiyarsa tana da kyau, ba ta kai ta Sigma ba, kusurwarsa da laushi.

Daga f/2.8 labari ya fara canzawa. Canon ɗin biyu suka farfaɗo, hazo ya tafi, tsakiya ta kusa kamo Sigma, kusurwa ce kawai ta rage a baya. A f/4 ratar ta ƙara tsukewa. A f/5.6 kuwa na jera hotunan uku ba suna, na kira wani abokin aikina da ya girme ni a sana'a ya zaɓi na lens mai tsada. Ya daɗe yana matsowa yana ja da baya, daga ƙarshe ya ce, “Kai, ɗan'uwa, waɗannan ai duk abu ɗaya ne.” A kan kyamara mai megafiksel 20 irin tawa, gaskiya ya faɗa. Ma'ana, dala 800 da 'yan kai da ke tsakanin STM da Sigma, kaifi ne kake saya tsakanin f/1.4 da f/2.5, nan kawai.

Sai tambayar da ta fi kowacce: sau nawa kake aiki a wannan ɗan tsakanin? Jarida a bango shimfiɗe take, mutane kuwa ba haka suke ba. A f/1.4, idan kana tsaye mita ɗaya da rabi daga amarya, abin da zai fito ras daga gaba zuwa baya bai kai santimita takwas ba. Ta ɗan juya fuska, ido ɗaya ya fito, ɗaya ya tafi. Hoton mutum ɗaya haka yana da kyau ƙwarai, baya ya narke, fuska ta fito ita kaɗai. Amma biki taro ne. Na taɓa nuna wa wata uwar amarya hoton 'yarta a wurin kamu, amarya ta fito tar, ƙawayen da ke bayanta sun narke. Ta duba ta ce, “Malam, hoton ya yi kyau, amma ni yaran nan duka nake so su fito, wasu daga nesa suka zo.” Na ce, “To Hajiya, yanzu kuwa.” Na tsuke zuwa f/4, na kunna filasha. Yawancin hotunan da iyalai ke biyan kuɗi a wanke musu a nan ake yin su, f/4 zuwa f/5.6, inda lens ɗin uku suka zama ɗaya.

Ga kuma rana. Ɗaurin aure bayan Juma'a ko da hantsi a ƙofar gida, maza sanye da farar shadda, rana ta take. A irin wannan haske f/1.4 a ISO 100 yana neman gudun ɗauka da ya wuce 1/8000 na daƙiƙa, ita kuwa 6D iyakarta 1/4000. Dole ka tsuke zuwa wajen f/2.8, ko ka ɗaura filta mai rage haske, in ba haka ba babbar riga ta ƙone fari fat, aikin zaren wuya ya ɓace. Ashe da rana ma ƙofar da ka biya ba za ka buɗe ta ba.

Inda Sigma ya ci kuɗinsa shi ne wurin dina da ɗakin kwalliya. Leshi mai duwatsu da sarƙar gwal idan fitila ta buge su, ƙyallin yana fitar da wani layi mai launin shunayya a gefensa, wani lokaci kore a bayansa. A Canon ɗin biyu idan suna buɗe abin yana fitowa sosai, musamman a kan farin leshi. Ana iya gogewa a Lightroom, manhajar gyaran hoto, amma aiki ne, kuma wanda ya taɓa zama da hotunan biki guda ya san darajar lokaci. A Sigma kaɗan ne ƙwarai. Zan iya tsayawa a f/1.6 a zaure mai fitilu kala-kala, ba filasha, in ɗauki ango da amarya suna shigowa, gashin ido ya fito ɗai-ɗai, dutsen ɗan kunne ya fito da launinsa. Wannan hoton STM ba zai ba ni shi haka ba, kuma idan na ga irinsa a kwamfuta raina yana yin fari. Ƙananan fitilun ado da ke baya su ma suna fitowa zagaye sumul, don ganyen ƙofarsa, wato siraran fallayen da ke tsuke ta, tara ne. Na STM bakwai ne masu lanƙwasa, kuma sun isa. Wanda ya gabace shi, f/1.8 II na 1990, ganye biyar gare shi, shi ya sa fitilu ke fitowa da kusurwa biyar idan an tsuke. Wanda zai sayi na hannu ya lura da wannan, don a ido sun yi kama amma tsohon gindinsa roba ne, na STM ƙarfe.

Abu ɗaya STM ya fi sauran biyun, kuma mai hoton biki zai ji daɗinsa: yana matsowa har santimita 35, Sigma 40, f/1.4 USM kuma 45. Hannun amarya da lalle, zobe, kayan lefe a akwati, duk da shi nake ɗauka. Zanen lalle a f/2.8 yana fitowa har da ƙananan ɗige-ɗigen gefen yatsa.

Nauyi ma abin dubawa ne. STM giram 160, f/1.4 USM giram 290, Sigma giram 815, wato ya fi ledar fiya wata ɗaya da rabi, rataye a wuyanka daga safe har a tashi dina. Filtarsa ta 77mm ce, ta fi ta 49mm ɗin STM tsada nesa ba kusa ba. A gefe guda shi yana zuwa da hularsa ta kare rana, STM sai ka saya dabam. Babu ɗaya cikin ukun da ke da abin hana girgiza.

Akwai wani abin da jarida a bango ba za ta nuna maka ba, shi ne saiti. Kyamara mai madubi irin 6D da wani sensa (na'urar gane haske) dabam take yin saiti, kuma yakan saɓa kaɗan da ainihin inda hoto ke faɗawa. A f/5.6 ba za ka gani ba. A f/1.4 kuwa santimita biyu sun isa su mayar da kaifi daga ido zuwa kunne, sai lens mai tsada ya ba ka hoton da bai kai na mai araha ba. 6D tana da wurin gyara wannan a cikin tsarinta, 700D ba ta da shi, Sigma kuma yana da 'yar na'urar USB da ake saya dabam don daidaita shi. Duk wanda zai sayi f/1.4 ya ware yini guda ya zauna ya daidaita shi da kyamararsa. Masu sababbin kyamarori marasa madubi sun huta da wannan, don a kan sensan hoton ake yin saiti, ko da adafta aka ɗaura lens ɗin.

Shi f/1.4 USM na tsakiya, a ganina lokaci ne ya wuce shi. A zamanin fim da farkon dijital ya yi wa mutane aiki, kuma laushinsa a buɗe yana yi wa fuska kyau ga mai son haka. Amma kuɗinsa ya ninka na STM sau uku, alhali daga f/2.8 zuwa sama ban ga abin da ya fi shi da shi ba. Ko dai ka tsaya a ƙasa, ko ka haura gaba ɗaya. Canon f/1.2L na aro na riƙe, giram 580, an rufe shi daga ƙura da ruwa, launin fata a kansa yana da daɗin kallo, amma a kaifi tsantsa a buɗe Sigma ya fi shi, kuma ya fi Sigma tsada.

Masu Nikon, lissafin kusan ɗaya ne da 50mm f/1.8G na 2011. Ku dai kiyaye da f/1.8D idan kyamararku jerin D3000 ce ko D5000, don ba shi da injin saiti a cikinsa, su ma ba su da shi, sai dai ku murɗa da hannu. Mai ƙaramin sensa kuma, irin 700D, ya sani 50mm a kansa kamar 80mm yake gani. Hoton fuska ya yi, amma a ƙaramin ɗaki bayanka zai bugi bango kafin mutum uku su shiga hoto, don haka 35mm ya fi dacewa da shi a matsayin na yau da kullum.

Ana cewa araha ba ta ado, kuma STM ya ƙaryata wannan, amma maganar tana da wurinta. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya sayi wani kwafi mai rabin kuɗin STM. Da rana ba laifi. Da magariba ta yi sai ya dinga kai-kawo yana neman saiti yana ƙara, har amarya ta wuce bai ɗauka ba. Ya ce, “Maigida, ko hannuna ne?” Na karɓa na gwada, ba hannunsa ba ne.

Ni yanzu STM ne a kan kyamarata da rana da wurin lalle, Sigma kuma sai dina ko hoton ango da amarya su kaɗai. Wanda bai fara samun aikin dare mai kuɗi ba, ya sayi STM, ragowar ya sa a filasha mai juya kai da batura. Idan na hannu za ka saya, cire murfin gaba da baya, ka haska tocilan waya ta ciki. Ƙura kaɗan ba komai, hunturu yana sa wa kowane lens. Abin gudu shi ne wani zare-zare fari kamar saƙa a jikin gilashi, wannan fumfuna ce, danshin damina ke kawo ta, kuma yaɗuwa take yi. Ɗaura shi a kyamararka, ka tsuke zuwa f/8 ka ga ganyen ƙofa suna rufewa da sauri ba maiƙo a jikinsu, ka yi saiti kusa da nesa ka saurari ƙarar injin. Idan ka kawo shi gida, kada ya kwana cikin jaka a damina. Sa shi a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.