Riverside: bita ga ɗan kasuwa mai shirin podkas da ke zuwa baƙunci a shirin wasu

Riverside ɗakin ɗaukar hira ne a kan intanet. Mai shiri yana Kano, baƙonsa yana Abuja ko Yamai, kowa na zaune a inda yake, a gama a fito da murya kamar a ɗaki guda aka yi zaman. Ga ɗan kasuwar da ke neman masu saye ta hanyar podkas, hukuncinmu a kanta ya rabu gida biyu. In baƙunci za ka je a shirin wani, ba za ta ci maka ko sisi ba, ko rajista ba sai ka yi ba, linki kawai za a turo maka ka danna. In kuwa kai ne mai shirin, da dala ake biyan kuɗinta, kuma bai kamata ka biya ba sai in kana hira da mutanen nesa aƙalla sau biyu a wata.

Abin da ya raba ta da kiran Zoom ko na WhatsApp shi ne inda ake naɗar muryar. A kiran yau da kullum, abin da ya iso maka ta intanet shi kake naɗa, har da tsinkewarsa da shaƙewarsa. Riverside kuwa tana naɗar muryar kowa da hotonsa a cikin na'urarsa, kowa da nasa fayil, tana kuma tura su ma'ajiyarta ta intanet kaɗan-kaɗan ana cikin hira. Saboda haka ko sabis ya yi rauni har fuskar baƙonka ta daskare a allo, abin da aka naɗa a wajensa lafiyarsa lau. Ga mai aiki da datar waya, wannan shi ne babban dalilin kula ta. Raba fayilolin ma yana da nasa amfani: in baƙo ya yi tari kana tsakiyar magana, a layinsa kaɗai za a goge, naka ba a taɓa ba.

Sai dai wahalar ba ta ɓace ba, wuri ta sauya. Ta koma kan lodi, wato tura fayilolin nan zuwa intanet. Da an tsayar da ɗauka, kowa zai ga lamba tana hawa, kuma sai ta kai kashi 100 fayil ɗinsa ya iso hannun mai shiri. A nan aka fi yin asara. Baƙo ya yi sallama, ya rufe kwamfuta lambar tana 70, ya kama gabansa. Ragowar tana nan a cikin burauzarsa, ana iya ƙarasawa in ya koma da na'urar da ya yi hirar da ita da kuma burauzar nan dai. Amma in kafin nan ya share bayanan burauza, shi ke nan, sai dai a koma ga kwafin ko-ta-kwana da manhajar ke naɗa ta intanet, wanda ingancinsa na kiran waya ne. Don haka kada a shiga ta shafin sirri na burauza, a bar fili a kan na'ura kamar gigabait 5, a kuma gaya wa baƙo tun a saƙon gayyata cewa zaman minti 45 yana da ƙarin jira a bayansa. Mai shiri mai dabara ba ya yin sallama sai lodi ya cika, hira yake ci gaba da ja da baƙon, ta gida da ta kasuwa.

Lissafin data ba wuya. Muryar mutum ɗaya a tsarin WAV mai 48kHz da 16-bit tana cin kusan megabait 5.8 a minti, wato wajen 260 a hirar minti 45. Bidiyo kuwa sai a shiga gigabait, kuma gwargwadon kyan hoton gwargwadon nauyinsa. Tsarin biya yana kaiwa har 4K, amma ga shirin da a waya za a kalle shi, 720p ko 1080p ya wadatar, 4K ɓarnar data ce da ta lokaci. Akwai maɓallin rage cin data yayin kira, akwai kuma na dakatar da lodi har a gama hira. In sabis na wasa, a kunna duka biyun: kiran zai daidaita, lodin ya biyo baya.

A kwamfuta a yi amfani da Chrome ko Edge. A waya akwai manhajarta ta Android da ta iPhone, sai dai waya tana da nata ciwon kai, kira na iya shigowa ya katse ɗauka. Maganinsa a sa wayar a yanayin jirgi, a jawo intanet daga wata wayar ta daban, a kuma jona caji tun kafin a fara.

Riverside ba ta gyara ɗaki. Abin da makirufo ya ji shi take naɗa, kuma tana naɗarsa da kyau, har da ƙarar janareta da kaɗawar fanka da hon ɗin 'yan adaidaita. Makirufo irin na mawaƙa da ake riƙewa a hannu, kamar Samson Q2U mai shiga kwamfuta ta USB, ya fi dacewa da wuri mai hayaniya, domin abin da ke gabansa kurkusa ya fi ɗauka. A bar tazarar faɗin yatsu huɗu tsakaninsa da baki, a ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar harafin "f" da "b" ta riƙa bugunsa. Kafin shiga, manhajar za ta tambaya ko ka sa abin saurare a kunne. Ka sa, kuma mai waya, ba na Bluetooth ba, wanda ke kawo jinkiri yana kuma siranta murya. In ka ce ba ka sa ba, za ta kunna mai kashe amsa-kuwwa, shi kuma yakan danne murya duk lokacin da mutum biyu suka yi magana tare. A hirarmu ta Hausa da mai sauraro ke jefa "ƙwarai" da "haka ne" kowane numfashi, wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Tsarin kyauta yana ba da awa 2 na ɗauka mai fayiloli a rarrabe, hoton 720p, da tambarin kamfanin a jikin bidiyo. Wannan tsarin na ɗanɗano ne kawai, hira biyu ko uku ya ƙare. Kayan tacewa na Riverside kuma sun dogara ne a kan rubuta abin da aka faɗa: ka goge jimla a rubuce, ta fita daga murya, akwai kuma Magic Clips mai tsinto gajerun yanka da kansa. Duk wannan yana tafiya ne in rubutun ya fito daidai. Hira ta Hausa mai gauraye da Turanci sai ka bi ta layi-layi da kunnenka, gajerun yankan ma gara ka zaɓa da kanka. Wanda zai biya don waɗannan kayan kaɗai, ya fara gwada su da hirarsa a tsarin kyauta.

Wurin da ɗan kasuwa ya kamata ya tsaya ya yi tunani shi ne rabon lokacinsa tsakanin kujerun biyu, ta mai shiri da ta baƙo, domin manhajar da kanta tana nuna bambancinsu. Duk abin da aka naɗa yana zama ne a asusun mai shiri. Shi ke da fayil, shi ke yanke abin da zai fita da ranar da zai fita, masu sauraro kuma nasa ne. Kuɗin wannan mallaka aiki ne. Kashi ɗaya na shiri mai minti 30 yakan ci awa huɗu zuwa biyar in an haɗa neman baƙo, shirya tambayoyi, ɗauka, tacewa, rubuta bayani da tallatawa. Baƙo kuwa awa ɗaya da rabi ta ishe shi, ya kuma tsaya a gaban mutanen da wani ya sha wuyar tarawa. Baƙunci kamar baza kaya ne a rumfar wani ranar kasuwa: za a gan ka, amma wanda ya so kayanka sai ya san inda shagonka yake. Sabon shiri ba ya kawo sababbin mutane da kansa sai a hankali, ƙarfinsa yana wajen riƙe waɗanda suka riga suka zo har su amince su saya.

Tsarin da mai sana'a zai iya jurewa shi ne kashi biyu nasa a wata, baƙunci biyu a wata. Masu ɗaukar alkawarin kowane mako su ne kan yi shiru bayan 'yan watanni, lokacin da aikin shago ya taso. A ɗauki kashi biyun rana guda, da safe kafin unguwa ta tashi. Kada kuma a fara neman baƙunci sai shirinka ya tara kashi biyar ko shida, don wanda ya biyo ka ya tarar da abin ji. Inda za a je ma a tace. Mai haɗa sola ya fi samun ciniki a ƙaramin shirin masu kiwon kaji, waɗanda rashin wuta ke kashe wa 'yan tsaki, a kan babban shirin barkwanci. Musaya ita ce hanya mafi sauƙi: ka gayyaci mai wani shiri, shi ma ya gayyace ka, a ɗauka rana ɗaya, amma a bambanta batun, a kuma bar mako biyu ko uku tsakanin fitowarsu.

In kai ne baƙo, ka nemi abu uku tun kafin a danna ɗauka: a turo maka fayil ɗinka na asali ba tare da tacewa ba, a ba ka izinin yanka minti ɗaya ko biyu don shafukanka, a kuma sa linkinka a bayanin shirin. Ga mai shiri a Riverside wannan saukewa ce kawai da turawa, amma in wata biyu ya wuce, da wuya ya koma nema. Idan aka tambaye ka inda za a same ka, wuri ɗaya za ka faɗa, ba jerin Facebook da Instagram da TikTok da lambobi uku ba, mai sauraro yana tuƙi ko yana girki. Linkin wa.me na WhatsApp yana karɓar saƙon da aka riga aka rubuta, saboda haka kowane shiri ka ba shi nasa, misali "Salam, na ji ka a shirin kiwon kaji". Bayan wata uku ka ƙirga saƙonnin, ka ga wane baƙunci ne ya kawo mai saye, wanne ne ya kawo gaisuwa kawai. Alƙaluman sauraro ba za su gaya maka wannan ba.

Wajen fitar da shiri, Spotify for Creators, wanda da can ake kira Anchor, Spotify kuma ya saye shi a 2019, yana ajiye shiri kyauta, yana kuma ba da adireshin RSS, wato linkin da manhajojin podkas ke janyo shiri ta hanyarsa, da za a kai wa Apple Podcasts. Tun 2024 Spotify ya cire nasa kayan ɗauka ya haɗa masu shiri da Riverside, don haka tura kashi daga nan zuwa can ba ya ɗaukar lokaci. Wanda zai riƙa raba shirin a zaurukan WhatsApp ya fitar da kwafi na biyu a MP3 mai 64kbps, layin murya ɗaya (mono): minti 30 zai tsaya a wajen megabait 14, rabin nauyin na 128kbps, kuma ga magana zalla kunne ba zai ji wani bambanci a lasifikar waya ba.