Bawul mai ƙwallo ko mai hanjin roba a layin ruwan yumɓu

Injiniya, sannu da ƙoƙari. Ka tambaya wane bawul ya dace da layinka, mai hanjin roba ko mai ƙwallo, wato wanda ƙwallo mai huji ke juyawa a cikinsa ya buɗe ko ya toshe hanya. Tunda layin naka na ruwan yumɓu ne, daga injin niƙa zuwa tankunan ajiya, sayi mai hanjin roba, wato wanda ake matse robarsa ta toshe hanya. Na yi aiki da su duka biyun a masana'antar tayil, kuma har yau ina jin zafin kuɗin da muka zuba a kan masu ƙwallo.

Abin da ke bin bututun nan a ido kamar kunu yake, amma yumɓu ne da garin dutsen felsfa da yashin kwaz. Ruwan cikinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku, lita guda kuma tana kai kilo 1.7. A ma'aunin tauri na Mohs kwaz yana kan 7, felsfa kan 6, ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa bai kai kwaz tauri ba. Duk sa'ad da famfo ya turo, samfefa ce ke bi ta cikin bawul ɗinka, dare da rana.

Ranar da muka ɗaura mai hanjin roba na farko a bakin injin niƙa, shugaban makanikanmu, dattijo da ya fi ni sanin aikin nesa ba kusa ba, ya girgiza kai ya ce abin da ya cinye ƙarfe ina roba za ta kai da shi. Bawul ɗin nan ya shige shekara biyu ba a taɓa shi ba. Da robar ta gaji, muka kwance notuna, muka zaro tsohuwa muka zura sabuwa, injin bai gama niƙan da ke cikinsa ba mun riga mun ɗaure. Jikin bawul ɗin yana nan kamar ranar da aka kawo shi, don yumɓun bai taɓa shafarsa ba. Daga baya dattijon nan da kansa ya riƙa cewa a sauya sauran.

Idan ƙwayar yashi ta bugi ƙarfe sai ta kankare shi, idan ta bugi roba sai robar ta lotsa ta dawo. Idan bawul ɗin yana buɗe, cikinsa daidai yake da faɗin bututu, babu lungun da yumɓu zai maƙale ya bushe. Idan kuma gutsuren dutsen niƙa ya biyo a lokacin rufewa, robar na naɗe shi ta toshe duk da haka. Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba, ni kuwa shi ya fi ɗaukar hankalina: ba ya zubar da ƙurar ƙarfe cikin kaya. A layin ruwan ƙyallin da ake fesa wa tayil, ɗan ƙarfen da ido ba ya gani shi ke fitowa baƙin ɗigo a kan farin tayil bayan an gasa shi a zafin digiri 1,200. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin tanderu yana ware tayil masu ɗigo zuwa kashi na biyu ya san asarar da nake nufi.

Mai ƙwallo yana da sauƙin kuɗi, ana samunsa ko'ina, kuma ba shi da laifi a layin tsabtataccen ruwa ko iskar kwamfuresa. Iyakar yabonsa ke nan a wurina. Tsakanin ƙwallon da jikinsa akwai rami, yumɓu na shiga ya daskare idan an tsayar da aiki kwana biyu, sai ka ga yaro ya sa bututu a hannun bawul yana ja har ya karye. Mazaunin ƙwallon, wanda aka yi da robar Teflon, yashi na tsattsage shi ya fara yoyo, balle a bar shi rabi a buɗe don rage gudu. Akwai mai ƙwallon tangaran, na alumina ko zirkoniya, yana jure yashi ƙwarai, sai dai tsada, kuma bugu ɗaya ko sauyin zafi na farat ɗaya na iya tsaga shi.

Kada ka ɗauka mai hanjin roba ba shi da iyaka. Irin wanda iska ke matsewa galibi ba ya wuce bar 6 (bar ma'aunin matsi ne), kuma iskar da za ta rufe shi sai ta ɗara matsin cikin bututu da kamar bar 2, in ba haka ba ba zai toshe sosai ba. Saboda haka kada ka kai shi layin da ke tura yumɓu zuwa hasumiyar busarwa, inda famfo mai fistin ke aiki da bar 20 zuwa 30. Wannan wuri na bawul ɗin da aka ƙera don babban matsi ne. Sannan mai hanjin robar da iska ke matsewa, idan iska ta ɗauke, buɗewa yake yi. A ƙarƙashin tanki wannan na nufin ka wayi gari yumɓu ya malale ɗaki. A irin wurin sa wanda ake matsewa da sitiyari ko mai sifirin da ke rufewa da kansa. Robar ma iri-iri ce. Ta asali, wato ta ƙaron itace, ta fi jure yashi, amma ba ta son zafin da ya haura digiri 80, kuma mai na lalata ta, don haka ka tabbata iskar kwamfuresarka ba ta ɗauke da mai. Inda akwai mai, robar naitiril ake sawa.

'Yan'uwanmu na masana'antar gilashi kuwa, a ɗakin haɗa yashi da soda da farar ƙasa shawarar ɗaya ce, don garin na cin ƙarfe, soda kuma na dunƙulewa idan ta sha laima. A kusa da tanderu, inda zafi ke kai digiri 1,500, roba ba ta da hurumi. A layin iskar hura wuta, bawul mai faifai ake sawa, wato wanda faifai ke juyawa a cikinsa ya toshe hanya. Layin gas kuwa ba wurin tsimi ba ne: ana buƙatar bawul mai yanke gas da kansa, irin wanda ya cika ƙa'idar Turai ta EN 161, wanda ke rufewa cikin daƙiƙa ɗaya idan wutar lantarki ta ɗauke. Masu hura tanderu da oksijin su nemi wanda aka wanke musamman don oksijin, ya zo a rufe cikin ledarsa. Ɗigon giris a cikinsa ya isa tayar da gobara.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da wasu dillalai. An taɓa kawo mana bawul da aka buga wa lambar 316, wato wani nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa, ba a yi nisa ba ya fara ɓulɓulewa, da aka gwada ashe ba shi ba ne. Bambancin 316 da ɗan'uwansa 304 shi ne sinadarin molibdinam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma ido ba ya ganinsa. Maganaɗisu ma ba ya raba su, kada wani ya manna maka shi a jiki ya ce ga shaida. A jikin bawul na zubi, CF8M ke nufin 316, CF8 ke nufin 304, amma rubutu kowa na iya bugawa. Nemi takardar shaidar ƙarfe ta EN 10204 nau'in 3.1, ka duba lambar narkon ƙarfen da ke cikinta ta yi daidai da wadda ke jikin bawul ɗin. Idan kayan na da yawa, a kawo na'urar gwajin ƙarfe ta hannu a gwada a gabanka kafin ka biya. Wasu kuma tsohon bawul suke wankewa su fesa masa fenti, duba cikinsa da bakin ramukan notuna za ka ga sawun aiki. Hanjin roba ma ana yin jabunsa, ko a kawo maka wanda ya daɗe a rana. Lanƙwasa shi da hannu, idan ka ga ƙananan tsaga mayar musu da abinsu.

Sayi mai hanjin robar asali, faɗinsa daidai da bututunka, ka haɗa da hanji biyu na ajiya daga kamfanin da ya ƙera bawul ɗin, ka adana su inda babu rana ko zafi. A ƙarƙashin tankuna sa mai rufewa da kansa, masu ƙwallon da ka riga ka saya kuma ka mayar da su layin ruwan wanki.