Fim ɗin ya sa ni kuka, amma a gyara sauti

Na biya kuɗin kallon gajeren fim ɗin nan da wani matashi ɗan Bauchi ya haɗa kan rasuwar mahaifiyarsa, aka turo min ta Telegram. Farkonsa ya ɓata min rai. Ba jarumi, ba waƙa, ba labari irin na Kannywood. Allo baƙi ƙirin, sai ƙarar daka a turmi, datata tana ta ƙonewa.

Sai aka zo zaman makoki. An ajiye kyamara a ƙasa, ƙafafu kawai take ɗauka. Maza sun cika tabarmi a ƙofar gida ana ta "ya haƙuri?", amma da ɗan marigayiyar ya zauna, da yake ɗan daudu ne, sai na kusa da shi suka muskuta. Ya shiga cikin gida, gwaggonsa ta ce, "Kai, koma wajen maza." Ya dawo zaure ya tsaya, takalmansa a hannu. A nan aka saka saƙon muryar da uwar ta taɓa tura masa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa: "Ɗan nan, ka ci abinci kuwa? Na ajiye maka miyar kuka." Wallahi sai da na kife wayar na yi kuka. Ni ma na rasa tawa, na san yadda mutum ke neman inda zai zauna ranar sadakar uku. Kowa da ra'ayinsa kan rayuwar yaron nan, amma maraici maraici ne, bai kamata a hana shi gefen tabarma ba.

Ɓoye fuskoki bai dame ni ba. Duk wanda ya tuna dokar hana auren jinsi ta 2014 mai ɗaurin shekara 14, da jifan da aka yi a kotun shari'a nan Bauchi a Janairun shekarar, lokacin shari'ar wasu maza da ake zargi da luwaɗi, ya san dalili.

Amma sautin, haba! Rabin maganar uwar iska ta cinye, sai da na manna wayar a kunne. Ga rubutun Turanci ya rufe ƙasan allo, daidai inda ƙafafun suke. Ƙarshen ma an ja shi da yawa, ana ta nuna zanen uwar a kan igiyar shanya har na ƙosa. Kuɗin da aka karɓa ya isa a nemo mai gyaran sauti. Ku kalla, amma ku tanadi abin sawa a kunne.